Tsohon Alkawari ya yi maganar tashin matattu kuwa?

'Yar Kafanchan: Salama 'yan'uwa. Makon jiya muka binne Babanmu. A bakin kabari fasto ya karanta Ayuba 19:25, inda Ayuba ya ce ya sani Mai Fansarsa yana da rai. Tun ranar maganar take cina a zuciya. Mutanen da suka rayu kafin zuwan Yesu sun sa zuciya ga tashin matattu ne, ko mu ne muke ɗora musu?

Dattijon Ikilisiya: Sannu da rashi, 'yata, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Buɗe Daniyel 12:2. A fili ya ce masu barci cikin ƙurar ƙasa za su farka, waɗansu zuwa rai madawwami. Ki haɗa da Ishaya 26:19.

Malamin Makarantar Lahadi: Gaskiya ne, Baba. Sai dai a yi hankali da Ezekiyel 37, wahayin busassun ƙasusuwan da suka sāke rayuwa, don ba tashin matattu kai tsaye yake nufi ba. Aya ta 11 ta ce busassun ƙasusuwan nan jama'ar Isra'ila ce, wadda ke zaman bauta a Babila. Ni abin da ya fi ratsa ni shi ne amsar Yesu ga Sadukiyawa, ƙungiyar Yahudawan da ke musun tashin matattu, a Markus 12. Fitowa 3:6 ya janyo musu: Allahn Ibrahim, Ishaku da Yakubu ba Allahn matattu ba ne, na masu rai ne.

'Yar Kafanchan: Na gode ƙwarai. Daren jiya na ɗauko Littafi Mai Tsarki na Babanmu, duk bangonsa ya yage. Na tarar ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin Zabura 16:10, ayar da ta ce Allah ba zai bar Mai Tsarkinsa ya ruɓa ba, wadda manzo Bitrus ya kafa hujja da ita kan tashin Yesu ranar Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki. Na daɗe ina kallon layin nan, hawaye na zuba.