Na gaji faya-fayan kawuna amma muryar Bob Marley tana fita kamar ta mai mura, ina mafita?

ƊanSamaru34:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman waɗanda suka san harkar faifai, irin baƙin nan mai faɗi na garmaho nake nufi ba CD ba. Kawuna ne Allah ya yi wa rasuwa bara, da aka zo fitar da kayan ɗakinsa a Tudun Wada sai ga kwali uku a ƙarƙashin gado cike da faya-fayai, ba wanda ya ko kalle su, har wata gwaggona tana cewa tunda sunansu faifai ai sai a ba ta ta riƙa rufe kwanon tuwo da su. Na ce a'a ni a bar mini. Na ƙirga sun haura 140, yawanci rege ne da jaz, su Bob Marley, Peter Tosh, Jimmy Cliff, Majek Fashek, su Miles Davis da Coltrane, sai 'yan kaɗan na Shata da Ɗan Maraya Jos.

Shi kawun nan shi ya sa mini son ƙwallon kwando, tun ina firamare yake ɗora ni a bayan Vespa ɗinsa mu je filin ABU kallon atisaye, har yau kuma ban warke ba, duk daren da ake wasan NBA, wato gasar kwando ta Amurka, ba na barci. Kun san wasan sai wajen ɗaya ko biyu na dare yake farawa a nan, to burina kawai in riƙa sa faifan nan ƙasa-ƙasa ina shan shayi kafin a fara, yadda shi ma yake yi.

To na je gwanjo a Sabon Gari na sayo injin ɗin, ɗan Amurka ne mai cin wuta 110, aka haɗa ni da ƙaramar taransifoma mai rage wuta. Yana juyawa lafiya lau amma wallahi muryar Bob Marley ta koma ta wani tsoho mai mura, komai yana jan jiki. Ga wasu faya-fayan sun lanƙwashe kamar gurasa, wasu kuma in ka sa sai ka rantse ƙosai ake soyawa a cikin sifika. Sannan wani ya zo ya taya duka kwalayen a dunƙule, kuɗin dai zai yi mini data na wata uku. In gyara ne ko in sayar in huta? Akwai ma wani faifai na wani Yusef Lateef an rubuta In Nigeria a jiki, ni ban taɓa jin sunansa ba.

UstazMaiRediyo:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kawu. Faifan ba shi da laifi, injinka ne. Taransifomar da aka ba ka ƙarfin wuta kawai take ragewa daga 230 zuwa 110, amma akwai abin da ba ta taɓawa, wato bugun wutar. Ta Amurka sau 60 take bugawa a daƙiƙa, tamu 50, kuma tsofaffin injinan nan da yawa motarsu da wannan bugun take auna gudunta. Ka ga maimakon faifai ya juya sau 33 da ɗan ɗoriya a minti sai ya dawo wajen 28, shi ya sa mutumin naka yake mura.

Kafin ka kashe ko sisi yi wannan gwajin. Manna 'yar farar takarda a bakin farantin, sa shi a kan 33, duba agogon wayarka ka ƙirga, a minti uku cif ya kamata ya zagayo sau 100. In ka samu 83 ko 84 to maganata ce. In kuma 90 da wani abu ne, yau haka gobe haka, bel ɗin da ke juya farantin ne ya saki, wannan kam abu ne mai sauƙi, sai dai kar ka yarda a ɗaura maka robar ɗaure kuɗi a ce ai duk ɗaya ne. In matsalar bugun wuta ce sai an canja ɗan ƙarfen da ke kan motar wanda bel ke hawa, a sa mai ɗan kauri, samunsa a nan ba sauƙi, sau tari gara ka mayar ka ƙara ciko ka ɗauko ɗan Ingila ko Jamus, su wutarsu irin tamu ce. Kuma kar ka sa shi da ƙaramin janareta, gudun zai riƙa hawa yana sauka. Allurar da ta zo da shi ma kar ka amince da ita, tsohuwar allura cin faifai take yi kuma abin da ta ci ba ya dawowa.

BakanoNaAsali:

Kai Zagezagi ba ku da dama wallahi, mutum ya gaji gida ya gaji gona, kai ka gaji kwali uku na kukan Jamaika kana neman shawara 😂 Allah ya jiƙan kawu dai. Ni ban san komai a faifai ba amma na ga 34 a sunanka, lambar rigar Hakeem Olajuwon, na gane masoyinsa ne kai, to a nan mun haɗu. Yaran yanzu in ka ce musu a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA na 1984 Hakeem aka fara ɗauka, Michael Jordan na uku ya zo, sai su ɗauka zuƙi ta malle kake yi. Mutumin da ya ɗauki kofi biyu a jere da Houston Rockets, 1994 da 1995, kuma a watan Fabrairun 1995 yana azumi bakinsa a bushe aka ba shi gwarzon wata na NBA gaba ɗaya, mu kuwa azumi ya kai goma ko tsallaka titi ba ma iya yi da sauri.

Abu ɗaya da nake sara muku shi ne Masai Ujiri, ba yadda na iya, a garinku ya tashi, a hannun koci Oliver Johnson ya koyi wasan, ya je ya haɗa Toronto Raptors ɗin da ta doke Golden State ta ɗau kofi a 2019. Amma in maganar kulob ce a gida ku zo Kano a koya muku, Pillars ba sa'arku ba ce. Kuma tunda kana son jaz da kwando lokaci guda ai sai ka koma goyon bayan Utah Jazz ka huta, ko da yake su ma aron sunan suka yi, daga New Orleans ƙungiyar ta taso ta koma can a 1979 ta tafi da sunan.

BabanKongo:

Ɗana, kar ka sayar. Wanda ya taya maka a dunƙule ya san abin da ke cikin kwalin, kai ne ba ka sani ba tukuna.

Wannan Yusef Lateef da ka ce ba ka taɓa ji ba, ai baƙonmu ne a nan Zariya. Ba'amurke ne Musulmi, babban mabushin sakso da sarewa, tun kafin a haife ka duniyar jaz ta san shi. Ya zo ABU a 1981 ya zauna har 1985 a cibiyar nazarin al'adun Nijeriya, yana koyarwa yana bincike, kuma abin da ya fi ɗaukar masa hankali sarewar Fulani ce, irin wadda makiyaya ke busawa a bayan shanu muna wucewa ba ma ko waiwaye. Faifan da ke hannunka a Legas ya naɗe shi a 1983 tare da makaɗan ƙasar nan. Mu muna samari a lokacin hankalinmu yana kan rege da disko, sai daga baya muka gane irin mutumin da ya zauna a cikinmu. Ya rasu a 2013. Wani abin dariya, shi kansa ba ya son a kira kiɗansa jaz, bai yarda da kalmar ba sam. In ka gyara injinka ka fara da shi, ka sa kunne sosai, za ka ji gida a ciki.

Sannan ka daina raina na Shata da Ɗan Maraya don ka ce 'yan kaɗan ne. Faifan Bob Marley miliyoyi aka buga, ko'ina a duniya akwai shi, in naka ya lalace gobe ka samu wani. Namu na gida kuwa kaɗan aka buga, zafi da ƙura da gara suka cinye yawancinsu, da kaset ya shigo kuma mutane suka watsar da sauran. Ni da idona na ga yara suna wurga su sama kamar faranti a bayan gidanmu. Haka na Majek bugun gida, riƙe shi da kyau.

Tunda kai ɗan kwando ne bari in ƙara maka da wannan. Kareem Abdul-Jabbar, wanda ya riƙe tarihin yawan maki a NBA kusan shekara 39 kafin LeBron ya wuce shi a 2023, shi ma mayen jaz ne, mahaifinsa mabushi ne. A 1983 gidansa ya ƙone, faya-fayai wajen 3,000 suka tafi, magoya baya suka riƙa kawo masa nasu don ya sake tarawa. Kai ga naka an ajiye maka a ƙarƙashin gado ba ka sha wahalar komai ba.

MamanHanwa:

Baba ya gama magana, ni wanki kawai zan ƙara don na sha yi wa mahaifinmu. Ƙarar suyar nan yawanci ƙurar hunturu ce ta shige cikin layukan. Ka sayi ruwan batir, farin tatacce ba mai asid ba fa, ka ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa ɗigo ɗaya tak, ka samu tsumma mai laushi ka bi layin a zagaye, kar ka goga a gicciye, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka ɗauraye ka jingine shi a inuwa ya bushe. Ban da omo, ban da kananzir, ban da fetur, don na san halin mazan nan komai sai sun zuba masa fetur. In akwai masu nauyin nan masu juyawa sau 78 a minti kar sifirit ya kusance su, narkar da su yake yi.

A tsaye ake jera su kamar littattafai, jibga su da aka yi a kwance cikin zafin bazara shi ya lanƙwasa su. Waɗanda suka lanƙwashe ka sa tsakanin gilashi biyu ka ɗora littattafai masu nauyi ka manta da su na makonni, wani ya miƙe wani ya ƙi, amma kar wani ya ce ka shanya a rana. Kuma ɗaga su daga ƙasa saboda gara.

Ku kuma kuna ta Hakeem da Masai ba wanda ya tuna matan, D'Tigress fa, tawagar kwando ta matan Nijeriya, kofin Afirka biyar suka ɗauka a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a gasar Olamfik ta Faris a 2024 suka kai zagayen 'yan takwas, abin da wata tawagar kwando daga Afirka ba ta taɓa yi ba, maza ko mata. Amma ba mai tashi tsakar dare dominsu.

ƊanSamaru34:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ustaz na yi gwajin har sau biyu, 84 na samu, gobe in sha Allahu zan koma wurin mai gwanjon ko zai karɓa in yi ciko. Baba wallahi jikina ya yi sanyi, na ɗauko faifan na juya bayan kwalin ina ta kallo, ashe kawu da biro ya rubuta sunansa da 1986 a gefe. Na kira mai tayin na ce ya yi haƙuri. Anti na karɓi laifi a kan D'Tigress, kuma na riga na goge guda biyu da omo kafin in ga saƙonki, sauran dai sun tsira. Kai kuma Bakano zan dawo kanka, yanzu wuta ta zo bari in sa caji kafin ƙarfe ɗaya.