Hanyar da sanda ke bi da matsayin hannu a lokacin dukan ƙwallon golf

Daga Malali: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina buga golf a nan Kaduna, da hannun dama nake wasa, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙwallo tana tashi ta ɓangaren hagu, sannan ta lanƙwasa dama har ta faɗa cikin itatuwa. Wani ya ce na cika ɗaga sanda sama, wani kuma ya ce na cika kwantar da ita. Ina roƙon waɗanda suka taɓa fama da wannan su faɗi yadda suka yi.

Daga Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi fama da irin wannan na tsawon lokaci, kuma ban gane bakin zaren ba sai da na sa yaron da ke ɗaukar mini jaka ya tsaya a bayana ya ɗauke ni bidiyo da waya. A nan na ga cewa idan na zo saukowa, kafaɗata ta dama ce ke fara fitowa gaba, sai sanda ta zo daga waje ta yanki ƙwallo a karkace. Shahararren ɗan wasan golf Ben Hogan ya yi bayani a 1957 da misalin faffaɗan gilashi da ya jingina a kafaɗun ɗan wasa, gindinsa yana wurin ƙwallo, ya ce kada hannuwa su fasa gilashin. Ni kullum fasa shi nake yi wajen saukowa. Abin da ya gyara ni shi ne fara motsi daga ƙugu, na bar gwiwar hannun dama ta sauko kusa da haƙarƙarina kafin kafaɗa ta juya.

Daga Barnawa: Alhaji ya yi gaskiya, amma ni ƙasar hunturu ce ta koya mini. Da damina ciyawa tana rufa wa mutum asiri, domin ko ya daki ƙasa kafin ƙwallo, sanda tana iya zamewa ta same ta. Daga Disamba kuwa, idan ƙasa ta bushe ta yi tauri, sai kan sandar ya yi tsalle ya daki ƙwallo a tsakiya, ta tafi tana gurguri, zafin kuma ya hau har wuyan hannu. Sai na riƙa jan layi a ƙasa, na ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 7, ina duka ba tare da ƙwallo ba, ina duba inda ƙasa ta ɓantare. Da farko duk alamun suna bayan layin. Ba su koma gabansa ba sai da na saba da kai hannuwana gaban cinyar hagu kafin kan sanda ya iso, hannun hagu a miƙe, wuyansa bai karye ba, nauyina kuma a kan ƙafar hagu.

Daga Kawo: Hajiya, wannan da kika faɗa shi ne ainihin maganar a ganina. Dubi fitattun 'yan wasan golf biyu: Jack Nicklaus yana ɗaga sanda sama sosai, gwiwar hannunsa ta dama tana nesa da jiki, kuma ya ci manyan gasa 18. Jim Furyk yana zagaye da sanda ta wata hanya da babu malamin da zai koya wa ɗalibi, duk da haka ya kammala zagayen ramuka 18 da bugu 58 kacal a 2016. Hanyar ɗaga sandarsu ta bambanta, amma a lokacin duka hannuwansu suna gaban ƙwallo, hannun dama bai gama miƙewa ba sai bayan ta tashi. Ni na ɓata wata biyu ina gyaran ɗagawa kafin na fahimci haka.

Daga Malali: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada layin Hajiya da safiyar Asabar, cikin duka ashirin guda shida ne kawai suka faɗa gaban layi. Bidiyon kuma ya nuna kafaɗar da Alhaji ya ambata, don haka da ita zan fara.