Jitata tana kuka kamar zuma a gwangwani, wa ya taɓa fita daga wannan?

Ɗan Rikkos

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Wata uku ke nan wata matsala ta hana ni sakat. Ni da abokaina biyu muna ɗaukar waƙoƙi huɗu, kiɗan rok mai nauyi amma da Hausa muke rerawa. Ba ni da amfilifaya, ko da ina da shi ma babu halin kunnawa: gidan haya nake, bango ɗaya ne tsakanina da mai jego. Saboda haka jita nake sokawa a saunkad (akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta), saunkad a laftof, manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya ta ƙarasa aikin. In na sa hedifon ina kaɗawa ni kaɗai, sai in ji ni ne sarkin garin. Amma da zarar na ɗora ta a kan ganguna da bes sai ta ɓace ɓat, abin da ke saura wani zzzz ne kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwanin madara. Saitin da mutane ke rabawa a YouTube na sauke sun fi hamsin, duk kanwar ja ce. Don Allah wanda ya taɓa faɗawa ramin nan ya fito, ya nuna mini ta inda ya bi.

Injiniya na Bukuru

Wa alaikumus salam ƙanina. Geyin ɗinka, wato maɓallin da ke ƙara wa sautin jita dauɗa, a nawa yake?

Ɗan Rikkos

Tara, Oga. In kiɗa ya yi daɗi, goma.

Injiniya na Bukuru

To ba sai an je da nisa ba, ɓarawon a cikin gida yake. Sauke shi zuwa huɗu ko biyar. Za ka ji kamar an tuɓe maka riga a tsakiyar kasuwar Terminus ta Jos, haka kowa ke ji ranar farko. Geyin danne sauti yake yi, bugun ƙarfi da na hankali su zama tsayi ɗaya, cizon fik (ɗan robar da ake kaɗawa da shi) a kan tsirkiya ya tafi. Kai kaɗai a ɗaki hakan daɗi ne domin yana rufa maka asiri. A cikin waƙa kuwa simbal ɗin mai ganga su ma shhh suke yi a daidai wurin, sai su haɗiye ka.

Bara wani yaro ya zo wajena daga Farin Gada, ya rantse shi sai a goma. Ban yi musu da shi ba. Na ɗauki jitar tsurarta, wato yadda ta fito daga waya kafin manhaja ta taɓa ta, na bar shi yana jin gomansa a kunne. Da ya fita sayen ruwa na sauke zuwa huɗu da rabi. Ya dawo ya saurara, ya kaɗa kai ya ce ai dama ya gaya mini sai goma. Har yau ban faɗa masa ba. Kai ma ka riƙa ajiye tsurar, ko bayan wata shida kana iya sauya mata amfilifaya ba tare da ka sake kaɗawa ba.

Sai wata dabara da ta girme ka: Tube Screamer, ɗan koren akwatin nan na Ibanez, TS808 ɗinsa tun 1979 yake. Kusan kowace manhaja tana da kwafinsa, ko an sauya masa suna za ka gane shi da launi. Ka sa shi gaban amfilifaya, diraif a sifili ko ɗaya, lebul sama. Ba ƙarin dauɗa ake nema ba. Yana rage nauyin ƙasa kafin ya isa amfilifaya, ya ɗaga tsakiya wajen 700Hz, sai ka ji in ka danne tsirkiya da gefen tafi tana cewa jak-jak maimakon buuu. Haɗa shi da kwafin Peavey 5150 na 1992 ko Dual Rectifier na Mesa. Kuma ka bar wa mid, wato maɓallin sautin tsakiya, mutuncinsa. Jita a tsakiya take zaune, wanda ya kwashe tsakiya ya kore ta daga gidanta.

Maman Joy

Sannunku da hira. Ni a coci nake kaɗawa a Tudun Wada. Maganar Injiniya gaskiya ce, amma ƙudan zumana ba ta nan suka shigo ba. Na yi shekaru ina aiki da POD ɗin nan ja na Line 6, mai kama da ƙwayar wake, wanda aka fara fitarwa a 1998. Komai a haɗe yake a cikinsa, ban taɓa sanin cewa kan amfilifaya daban, akwatin sifika daban ba. Da na koma kwamfuta na sauke Neural Amp Modeler, tunda kyauta ce, na loda kai kawai babu akwati. Abin da ya fito, maigidana ya leƙo yana tambaya ko waldar ƙarfe na fara.

Ashe sifikar jita, mai inci 12 ɗin nan, ba ta iya fitar da abin da ya haura 5kHz sosai, kuma wannan gazawar tata ita ce ke tace dauɗar ta zama mai daɗin ji. A kwamfuta abin da ke yin aikinta shi ne IR: ɗan ƙaramin fayil da aka adana yadda wata sifika, da wani makirfo, a wani matsayi, suke amsa sauti. Ka duba ko naka a kunne yake, ka kuma duba kada ka kunna biyu a jere. Fara da Celestion Vintage 30 da makirfo SM57 na Shure. In manhajarka tana barin ka matsa makirfon, tsakiyar sifika kaifi ne, kana matsawa gefe yana laushi. Motsi kaɗan ya fi maka murɗa tirebul sau goma.

Wautar da na yi bayan nan: na tara IR kusan ɗari uku, na cinye wata guda ina saurare ban ɗauki ko baiti ɗaya ba. Yanzu biyu nake amfani da su. Bayan IR ina yanke ƙasa da 90Hz da kuma sama da 8kHz. Za ka ce ai tsirkiyar E ta ƙasa 82Hz ce, in ka sassauta ta zuwa D kuma 73Hz. Haka ne, amma wannan filin mai bes ne, ka bar masa gonarsa.

Kawu Dogon Dutse

Yara, ku yi haƙuri da tsoho. Na kaɗa a otal-otal na garin nan kafin a haifi yawancinku. Marshall JCM800 nake da shi, mai bawul, irin wanda ya fito a 1981. In ka buga, iska ce ke kaɗa maka ƙafar wando, jita tana amsa sifika, sifika tana amsa jita, ka riƙe sauti ɗaya ya yi ta tafiya sai ka gaji. Na gwada na laftof ɗin ɗana. Ba laifi. Amma hoton tuwo ne.

Injiniya na Bukuru

Kawu, Allah ya ja da ranka, ba na ja da kai a kan wando. Sai dai abin da ya shiga kaset a zamaninku ma ba iskar ba ce, kunnen makirfo ne da aka manna a jikin akwati. Wannan kunnen manhaja take kwaikwaya, shi ya sa mai neman jin ɗaki a hedifon kullum cikin takaici yake. Kuma tun wajen 2011 da Kemper ta Jamus ta kawo dabarar sauraron amfilifaya na gaske a kwafe halinsa, abin ya sauya. Manhajar da Maman Joy ta ambata ma haka take yi. In ka amince in zo da kayana ranar Lahadi da yamma mu ɗauki halin Marshall ɗinka, yaran nan su samu.

Kawu Dogon Dutse

Ka nemo mini bawul EL34 guda biyu tukuna. Nawa sun gaji kamar mai su.

Mai Sola na Angwan Rogo

Duk kun yi magana kamar a Landan kuke. Ni wuta ce sana'ata, jita sha'awa, kuma ina gaya muku rabin ƙarar da ke damunmu a Jos daga soket take fitowa. Geyin mai yawa ba ya tantance jita da ƙugi, duk abin da ya shigo ninka shi yake yi. Wutarmu 50Hz ce, to wannan mmmm da kake ji ita ce da 'ya'yanta, 100 da 150, har sama.

Na taɓa yin mako biyu ina zargin fikof ɗina, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita, har na kai jitar wajen mai gyara ya buɗe bai ga komai ba. Wata rana ina cikin ɗauka aka ɗauke wuta, laftof ya koma kan batir, ɗakin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ashe cajar laftof ce, 'yar kasuwa da na saya bayan ta asali ta ƙone. Tun ranar, in zan ɗauka sai na cika batir na zare caja. Janareta ƙarami ya fi kowa laifi, sai inbata mai araha wadda igiyar wutarta ba santsi gare ta ba, sai cajar waya da ƙwan fitila marasa kyau. Kashe su ɗaya bayan ɗaya kana saurare, za ka kama mai laifin.

In fikof ɗinka mai naɗi ɗaya ne, eriya ce kake rataye da ita. Hambaka mai naɗi biyu an yi ta ne musamman don ta kashe wannan ƙugin. In babu kuɗin sauyawa, zauna a kujera ka riƙa juyawa a hankali da jitar a jikinka, akwai fuskar da ƙarar ke raguwa sosai. Ni tawa wajen ƙofar banɗaki take kallo, na ja layi da alli a siminti, matata ta share sau biyu kafin ta gane ba wasan yara ba ne. Ka kuma ja baya daga laftof, ka ajiye waya a wani ɗaki. Get ɗin da ke rufe hayaniya in ka yi shiru yana taimakawa, amma a sa shi gaba da komai kuma kada a matse shi, in ba haka ba zai riƙa guntule maka wutsiyar sauti.

Abu ɗaya nake roƙo: kada wanda ya karya ƙafar atin ta fulogi, wato ta ukun nan mai sauke wuta ƙasa, wai don ƙugi ya tafi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da atin ɗin kayan, kai kuma hannunka a kansu yake. Na ga wanda makirfo ya ja a leɓe a wajen biki, bai sake rera komai ba a daren.

Mai Bes na Kabong

Bari mai bes ya sa baki tunda Maman Joy ta ba ni gona. Wannan kaurin da kake ji a waƙoƙin waje kana cewa jita ce, rabinsa mu ne. Ka sa wa bes ɗinku ɗan dauɗa a tsakiya, ka bar ƙasansa fes, ya bi jita ƙafa da ƙafa.

Sannan sau nawa kake kaɗa kowane sashe? In sau ɗaya ne ka kwafa ka jefa ɗaya hagu ɗaya dama, aikin banza ka yi, a tsakiya za su haɗu su ƙara ƙarfi kawai. Sai ka kaɗa sau biyu da hannunka. Ɗan bambancin da ke tsakanin bugu biyun shi ne faɗin. Mu mun sha wuya a nan domin mai jitarmu kullum a makare yake faɗowa, muka yi ta yi masa tsiya, ashe bafa ce, wato gutsuren sautin da laftof ke tarawa kafin ya fitar, take a 1024. A 48kHz wannan ya haura milisakan 21 kafin ma a lissafa dawowa. Muka mayar 128, ƙasa da milisakan 3, muka sa direban ASIO na saunkad ɗin, sai ga shi mutumin kirki ne. Lokacin haɗa sauti ka mayar da ita sama don laftof ya huta.

Kuma da hunturun nan, duba tunin, wato daidaiton tsirkiyoyi, kafin kowane ɗauka, ba kowace waƙa ba. Jitar da ta kwana a sanyin Jos, hannu na ɗumama ta tana zamewa. Layi biyu da suka saɓa da ɗan kaɗan, geyin zai tona su.

Ɗan Rikkos

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Geyin yana huɗu da rabi, koren akwati a gaba, IR ɗaya tak. Maman Joy, ashe biyu nake kunnawa a jere, na manhajar da wanda na loda. Na zare caja ƙugi ya ragu, sauran kuma fuskata tana kallon buhun shinkafa. Na kuma gano wayar jitata a ramin layin saunkad na soka ba tare da na danna maɓallin INST, wato na jita, ba duk wata ukun nan, kada kowa ya yi dariya.

Zuma ta tafi. Sabuwar matsalar ita ce yanzu ana jin komai. Sashen farko na waƙa ta biyu na kaɗa shi sau goma sha bakwai jiya kafin hagu da dama su yarda da juna, har mai jego ta aiko yaro ya tambaya ko waƙar ba ta da gaba. Oga Injiniya, hannun dama na ne ke gudu in na zo jak-jak ɗin.

Injiniya na Bukuru

Rage gudun waƙar da kashi ɗaya cikin huɗu, ka yi da metironom minti ashirin kullum har Juma'a, geyin a kashe gaba ɗaya. Asabar ka shigo Bukuru bayan la'asar da laftof ɗin. Ka sa sababbin tsirkiyoyi tun ranar Alhamis don su zauna, kuma ka taho da mai bes ɗinku, ina da magana da shi.