Kundin 1999 a Bakin Mawaƙa: Haƙƙinka da Nauyinka

Malam Mai Alƙalami

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maudu'inmu shi ne haƙƙin ɗan ƙasa da nauyin da ke kansa a kundin tsarin mulkin Najeriya. Sharaɗi ɗaya ne: mai amsawa ya zo da sashe ko lamba, kada a cika mu da "ya kamata".

Bismillahi da shi nake farawa,
Mai mulkin sama da na ƙasa.

Salati ga Annabi ɗan Amina,
Da alaye da sahabbai nasa.

Kundin 1999 na ɗauko,
Ran 29 ga Mayu soja ya koma barikinsa.

Sashe na 1 ya ce kowace doka,
In ta yi karo da shi, ita ce a ƙasa.

Na 14 ya faɗi masu mulki:
Jama'a ne, shugaba aro aka yi masa.

Babi na 4 nan haƙƙi ya taru,
Daga 33 zuwa 46 ka bi sawunsa.

Rai na 33, mutunci na 34,
Ba a azabtar da mutum don a ji bakinsa.

35 'yancin kai, 36 adalcin shari'a,
Ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa.

37 sirrin gida da na waya,
38 kowa da addininsa.

39 faɗin ra'ayi, 40 taro da ƙungiya,
41 ya zauna inda ya so a ƙasarsa.

42 ba a ware shi don ƙabila,
Ko jinsi, ko addini, ko asalinsa.

43 ya sayi gida a Legas ko Yola,
44 in an karɓe a biya shi diyyarsa.

Na jero muku su kamar carbi,
Wa zai ɗau ƙwaya guda ya fasa?

Lauya Bakatsine

Allah gafarta Malam, na ɗau 35,
Jera lamba bai taɓa fid da kowa daga sel ba.

In an kama ka, fara riƙe bakinka,
Kundi bai tilasta maka magana ba,

Sai ka ga lauya ko wanda ka zaɓa,
Shirunka bai zama amsa laifi ba.

Cikin awa 24 a ba ka dalilin kamu
A rubuce, ba da fatar baki ba,

Kuma da harshen da kake fahimta,
Ba Turancin da ba ka taɓa koya ba.

In da kotu cikin kilomita 40,
Kwana ɗaya ne a kai ka, bai zama biyu ba.

In ta fi nisa, kwana biyu ne,
Ko abin da kotu ta ga bai wuce kima ba.

Sai laifin da hukuncinsa kisa ne,
Wannan ƙidayar ba ta shafe shi ba.

Dokar shari'ar laifuka, ACJA, ta 2015 ta ƙara:
Ba a kama uba don ba a ga ɗa ba.

Ta tarayya ce, jihohi sun yi tasu,
Dokar 'yan sanda ta 2020 ma ba ta bar batun ba.

Rigimar bashi da cinikin da ya ɓaci
Aikin kotu ne, ba na caji ofis ba.

Mace tana tsaya wa mutum beli,
Dokar ba ta ce sai namiji ba.

Belin 'yan sanda kuwa kyauta ne,
Ko sisi ba a rubuta a kansa ba.

Ga ramin da ke cin mutane: sa hannu
A takardar da ba a karanta musu ba.

Gobe a kotu ita za a ɗaga,
Ya ce dole aka yi masa, bai kawo shaida ba.

Mai duka ya duba dokar hana azabtarwa ta 2017,
Har shekara 25 ta yanka, ba wasa ba.

Wanda aka tsare bisa zalunci yana bin diyya,
Da ban haƙuri a bainar jama'a, ba a ɗaki ba.

Gwaggo Malama

Lauya ƙanena, na ji bayani,
Amma akwai abin da ya dame ni:
Ina makaranta, ina magani,
A carbin Malam? Ko suna saura?

Sashe na 18 ya ambaci ilimi,
Kyauta ga babba da ƙarami,
Sai ya haƙa wani ɗan rami:
In da hali, ya ce, bai ƙara.

Na 17 ya yi batun lafiya,
Na 16 rabon dukiya,
To Lauya, gaya mini gaskiya,
A kan waɗannan ana kai ƙara?

Lauya Bakatsine

Na ari amsa-amonki, Yaya.

Yaya Malama, kin taɓa wurin ciwo,
Babi na 2 ba a kai shi ƙara.

Sashe na 6(6)(c) ya ɗaure hannun alƙali,
Manufofi ne, kotu ba ta da ikon gyara.

Ƙofar guda ce: majalisa ta mai da shi doka,
Daga ranar ne haƙƙin ya fara.

Haka aka yi da dokar UBE ta 2004,
Karatu kyauta, dole, shekara tara:

Shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare,
Uban da ya ƙi kai ɗa kuwa akwai tara.

Karon farko gargaɗi, na biyu naira 2,000,
Ko wata guda a gidan gyara.

Alhaji Baban Kasuwa

'Ya'yana kun iya lissafin bashi,
Wanda kuke bin ƙasa kun ƙirga shi,
Wanda take bin ku fa, wa zai biya shi?
Sashe na 24 yana nan yana jiranka.

Guda shida ne, ga na fari:
Bin kundi da hukuma bisa tsari,
Tuta da take da alƙawari,
Ka girmama su, alamun ƙasarka.

Na biyu kare ƙasa da sunanta,
In ta kira ka hidima ka amsa ta,
Na uku darajar wani kar ka taɓa ta,
Haƙƙinsa daidai yake da naka.

Na huɗu garin da kake zaune,
Ka amfane shi ko baƙo kai ne,
Na biyar taimakon jami'an doka ne,
In an nemi shaida ka buɗe bakinka.

Na shida shi ne mai ɗaci:
Faɗin samunka ba ha'inci,
Biyan haraji a kan lokaci,
Ka karɓi rasit, ka adana abinka.

Harajin da ka miƙa hannu da hannu,
Ba rasit, ba lamba, sai "sannu sannu",
Ya tafi kiwon wasu shanu,
Gobe a dawo a sake tambayarka.

Kar ka ce ba ka biya, ɗan uwa,
Kashi 7.5 na VAT yana hawa
Kan katin waya da kake sakawa,
Kuɗinka ne, bin sawunsu aikinka.

'Yar Jarida

Baba, Allah ya ja kwana, bin sawu da hanya,
Dokar samun bayanai ta 2011 ta shata ta.

Takarda za ka rubuta wa ma'aikatar,
Da kwanan wata da sunanka a ƙarshenta.

Kar ka ce "ku ba ni bayanin ayyukanku",
Tambaya mai faɗi, amsar banza ke bin ta.

Ka ce rijiyar burtsatse ta gari kaza, shekara kaza,
Nawa aka ware, wane kamfani aka ba ta,

Nawa aka biya, yaushe, wa ya sa hannu
Cewa an gama, har ya karɓe ta.

Ba sai ka faɗi dalilin nemanka ba,
Doka ta ɗauke maka wannan, karanta ta.

Yi kwafi biyu, a buga hatimi a ɗaya,
Ka koma da ita gida ka adana ta.

Nan ake yin asara: ba hatimin karɓa,
Gobe a ce takardar ba wanda ya gan ta.

Kwana 7 gare su su ba ka amsa,
In fayil ya yi yawa, wasu 7 a ƙara mata.

Shirunsu a idon doka ƙi ne,
Kwana 30 gare ka ka kai kotu ta duba ta.

In ta tabbata an hana ka bisa son rai,
Naira 500,000 ce tararta.

Jihohi sun daɗe suna cewa ba da su ba,
A 2025 Kotun Ƙoli ta ce kowa ya bi ta.

Sai sirrin tsaro, na rayuwar wani da makamantansu,
Wannan ƙofar dokar ta rufe ta.

Ɗan Auta

Iyaye da yayye, ni ƙarami ne,
Wakilin da ya ɓace tun zaɓe fa, yaya ne?
Kiranye gaskiya ne ko labari ne?
Gangami kuma sai da izini ne?

Malam Mai Akwati

Ɗan Auta, kiranye na cikin kundi,
Na majalisar tarayya a 69 ka same shi.

Na majalisar jiha yana 110,
Gwamna kuwa sai majalisa ta tsige shi.

Fiye da rabin masu rajista a mazaɓar
Su sa hannu cewa a ture shi.

Lura, masu rajista, ba waɗanda suka yi zaɓe ba,
Wannan lissafin shi ke kashe shi.

A kai wa shugaban INEC a tantance,
Mai sa hannu ya zo rumfa a gan shi.

In ya tsallake, cikin kwana 90 da karɓar ƙorafin
A yi ƙuri'ar raba gardama a kanshi.

An gwada a Kogi ta Yamma a 2018,
Sanata Dino Melaye aka tashi cire shi.

Ran tantancewa kashi 5 da ɗoriya na masu rajista
Suka tabbata, zance ya mutu, aka bar shi.

A 2025 Kogi ta Tsakiya ta kai nata,
Sa hannun bai kai rabi ba, INEC ta mai da shi.

Hajiya Mai Rumfa

Allah gafarta Malam, cire wakili da tsada,
Araharsa tana ranar sakawa.

A 2023 rajista ta haura miliyan 93,
Ko kashi 30 ba su kai ba wajen fitowa.

Shekara 18 ka je ka yi rajista,
Katin kuma sai ka koma karɓowa.

Rumfar da ke jikin katin nan za ka,
In ka ƙaura, tun da wuri ake canzawa.

Na'urar BVAS ta duba yatsa ko fuska,
Katin wani ba ya wucewa.

Dangwale ɗaya a gidan jam'iyya ɗaya,
Tawada ta hau biyu, ƙuri'ar sai sokewa.

Bar ta ta sha iska kafin ka naɗe,
Ɗanyar tawada wajen naɗi take shafawa.

In ka jefa kar ka wuce gida,
A gabanka ake zubewa da ƙirgawa.

Takardar EC8A ce sakamakon rumfa,
Wakilan jam'iyyu na sa hannu da karɓawa.

Ɗau hoton wanda aka manna a bango,
Lamba kan canza riga a wurin tattarawa.

Mai sai da ƙuri'a don taliya ko atamfa,
Shi da mai saye doka ke hukuntawa.

Raba abin da aka ba ka gida 1,461,
Kwanakin shekara huɗu da kake sayarwa.

Kai kuma ɗana, tun gyaran 2018
Shekara 25 ta isa tsayawa

Majalisar wakilai ko ta jiha,
35 ga kujerar shugaban ƙasa in kana iyawa.

Lauya Bakatsine

Ɗan Auta, saura batun gangami,
Taro da jerin gwano ba a hana.

Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2007,
A shari'ar jam'iyyar ANPP da Sufeton 'yan sanda ta yi magana:

Neman izinin 'yan sanda kafin taro
Ya saɓa wa kundi, haka ta nuna.

Ka sanar da su dai don su ba da kariya,
Hanya, lokaci, da masu riƙe amana.

Amma sashe na 45 yana gefe,
Ya sa wa 37 zuwa 41 linzami, ka tuna:

Tsaro, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a,
Da haƙƙin wani, ko shago ko gona.

Wanda ya fasa kanti ya fita inuwar 40,
Haka wanda ya ga motar wani ya ƙona.

39 bai lulluɓe mai ƙazafi ba,
Ana kai ƙara kan ɓata suna.

In naka aka taka, bi sashe na 46,
Babbar Kotu a jihar da abin ya wakana.

Ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙi na 2009 sun buɗe ƙofa,
In kana tsare wani na shigar maka, ƙanena.

Takardar rantsuwa ce gindin ƙarar:
Wa ya kama, a ina, wace rana.

Mara kuɗin lauya ya nemi Hukumar Tallafin Shari'a,
Ko ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ya kai musu magana.

Gwaggo Malama

Ban gama da ku ba tukuna.

Kun ce 42 ya hana wariya,
Amma ga takardar asali a hanya,
An haife shi a Jos ko Zariya,
A ce masa baƙo, ya koma can ya fara.

Kundin da kansa ya buɗe ƙofa,
A 147 minista ɗan asalin jiha ne fa,
Nan takardar ta samu ƙafa,
Ta bi guraben aiki tana tara.

Sashe na 26 ma ga nasa:
Baƙuwa in ta auri ɗan ƙasa,
Da rajista ta zama tamu, ta isa,
Mijin 'yarmu shekara 15 yake jira.

Malam Mai Alƙalami

Gwaggo, kundi ba saukakke ba ne,
Sashe na 9 ya faɗi hanyar gyaransa.

Biyu cikin uku na sanatoci 109, wato 73,
Cikin wakilai 360 sai 240 sun amsa.

Sannan majalisun jihohi 24 cikin 36,
In guda ta gaza, ƙudurin ya kasa.

Babi na 4 kuwa ya fi tsada,
Huɗu cikin biyar ake nema kafin taɓa jikinsa.

Batun mijin 'yar ƙasa an kai shi a Maris 2022,
Ƙuri'u ba su kai ba, ya faɗi ƙasa.

In kwamitin gyara ya fito jin ra'ayi,
A kai masa takarda, kar a tsaya yi masa busa:

Lambar sashen, da zancen da za a goge,
Da wanda kike so a rubuta a gurbinsa.