Tsirona mai cin ƙwari yana yin baƙi, ina na kuskure?

Uwar Biyu, Kaduna:
Assalamu alaikum. Wata guda ke nan da ƙanena ya kawo min tsiron nan mai kama ƙuda, Venus flytrap, daga Legas. Ya zo da baki bakwai, cikinsu jajawur, gefensu zara-zara kamar gashin ido. Yanzu uku sun yi baƙi ƙirin sun langaɓe. Ruwan burtsatse nake ba shi, yana tagar falo, kuma ranar Juma'a na sa masa ɗan yankin nama don ban ga ya kama komai ba. Yarana ma ba sa rabuwa da shi, da tsinke suke tsokanarsa su ga ya rufe. Wallahi ina son tsiron nan, ba na so ya mutu a hannuna.

Ɗan Jos:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da ruwan. Asalinsa fadamun Carolina ta Arewa da ta Kudu ne a Amurka, ƙasa mai tsami marar abinci, shi ya sa Allah ya hore masa cin ƙwari. Gishirin cikin ruwan burtsatse ƙona masa saiwa yake. Ki tari ruwan sama, ki zuba kamar santimita 2 a faranti, ki ɗora tukunyar roba a ciki ya riƙa sha ta ƙasa. Taki kuwa kada ya kusance shi, ko na shanu.

Mai Lambu:
Yaya, naman nan ruɓewa ya yi a ciki, ki yanke wannan bakin da almakashi. Ki duba cikin kowane baki da kyau, za ki ga 'yan siraran gashi, galibi uku a kowane ɓangare. Sai an taɓa su sau biyu cikin kamar daƙiƙa 20 yake rufewa, sannan mutsu-mutsun ƙwaron ne ke sa ya matse ya fara narkarwa, kwana 5 zuwa 12. Saboda haka mai rai za ki ba shi, wanda bai wuce sulusin bakin ba, ɗaya a sati biyu ya isa. Yaran kuma ki lallashe su su bari. Kowane baki 'yan lokuta kaɗan yake rufewa ya mutu, rufewar banza ƙarfinsa take cinyewa. Ki fitar da shi ya sha ranar safe awa huɗu zuwa shida, ƙudan ma da kansa zai kamo.

Ɗan Jos:
Na manta: yana buƙatar barcin sanyi kamar wata uku a shekara, ƙasa da digiri 10. Ni firji nake sa nawa. Wanda ba zai iya ba gara ya nemi Nepenthes, wani tsiron mai cin ƙwari mai tulu irin na tsibirin Borneo, shi ba ya barci, sai dai bushewar hunturu na wahalar da shi.

Uwar Biyu:
Allah ya saka muku da alheri. Na yanke baƙaƙen, na mai da shi baranda, na kafa bokiti nesa da indararo tunda hadari ya haɗu. Da na leƙa tsakiyarsa na ga wani ɗan mitsitsin baki kore yana fitowa. Zancen firjin nan, Malam, da tukunyar ake sa shi ko cire shi ake yi?