Da me kuke tantance madogarar da za a sa a kundin bincike?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum. An ce in cire duk madogarar da ba ta da tushe daga babi na biyu, alhali duk a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, na same su. Malamai, da me ake ganewa?

Ma'aikacin laburare: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Google Scholar ba ya tacewa, duk abin da ya yi kama da maƙala kwasa yake yi. Ajiye maƙalar tukuna, ki binciki mujallar da ta buga ta. Ɗauki lambar ISSN ɗinta, wato lambar shaidar mujalla mai alƙaluma takwas, ki sa a shafin hukumar ISSN ki ga ko sunan ya yi daidai. In mujalla ta ce tana cikin Scopus ko DOAJ ko AJOL, wato rumbunan da ke jera mujallun da suka tantance, kada tambarin da ta manna ya ruɗe ki, shiga can ki nemo ta da kanki. Scopus na da jerin mujallun da ta kora, da yawansu kuwa ba sa cire tambarin. Akwai ma masu satar sunan mujallar gaske har da lambarta su buɗe shafin bogi, saboda haka ki kwatanta adireshin intanet ɗin harafi da harafi.

Malamar jami'a: Haka ne, Malam. Ki kuma duba shafin farko, inda ake rubuta ranar da aka karɓi maƙala da ranar da aka amince da ita. Bitar masana kan ɗauki makonni ko watanni. In kwana biyar ne tsakani, da wuya wani ya karanta ta. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya aika maƙalar bogi ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Ma'aunin tasirin mujalla da ake kira Impact Factor kuwa, kamfanin Clarivate ne kaɗai ke fitar da shi. Duk wanda aka ƙara wa suna da "Global" ko "Universal", ki yi watsi da shi.

Likita mai bincike: Hajiya, a gafarce ni, mujalla mai suna ma ba ta wanke maƙala. Mujallar likitanci ta Lancet ce ta buga aikin Andrew Wakefield a 1998, wanda ya alaƙanta allurar rigakafi da cutar otizim, ba ta janye shi ba sai 2010. A 2023 kamfanin buga mujallu na Hindawi ya janye maƙalu sama da 8,000. Matsalar ita ce kwafin da kika sauke tun da daɗewa ba zai nuna an janye ba. Sa taken a rumbun Retraction Watch, mai jera maƙalun da aka janye, kafin ki kafa hujja da shi.

Ma'aikacin laburare: Ƙari kaɗan: duk madogarar da ChatGPT ya ba ki, ki manna lambar DOI ɗinta, wato lambar shaidar maƙala, a doi.org ki ga ko za ta kai ki ga maƙalar. ChatGPT yakan haɗa sunan marubuci na gaske da taken da babu shi.

Malamin tarihi: Ni dai ina da ja a kan Scopus. Mujallun sassan jami'o'inmu da dama, musamman na harshe da tarihi, ba sa ciki, kuma akwai aikin kirki a cikinsu. A nan marubucin ake dubawa, da hujjar da ya kawo.

Abin da ya fi damuna shi ne ari daga bakin mai ari. Ɗalibi zai rubuta yawan mutanen Kano ya jingina ga wata maƙala, ita ta ɗauko daga jarida, jaridar ba ta ce daga ina ba. Ƙidayar ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce. Duk adadin da ya biyo bayanta ƙiyasi ne, sai a rubuta cewa ƙiyasi ne, a faɗi wanda ya yi shi. Haka rahotannin Turawan mulki da ke gidan adana tarihi na Kaduna: na asali ne, amma Di'o, jami'in mulkin Turawa, ya rubuta su, galibi don yanka haraji, ta bakin tafinta. Ki nemi wata majiya da ba daga gare shi ta ɗauko ba, 'yata, ki gwama su.