Yara na neman raba mana ƙungiyar saƙa, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Mu goma sha huɗu ne a nan Kano, muna haɗuwa duk Asabar bayan La'asar a gidan ɗaya daga cikinmu, muna saƙar kwarashi da jera duwatsun ado. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai, kowa ta zuba ɗan abin da aka yanka a sayo zare a kasuwar Sabon Gari. Shekara biyu ba a taɓa jin kanmu ba.

Sai maganar yara ta shigo. Akwai mai zuwa da uku, babban bai wuce shekara biyar ba. Makon jiya na tsakiyan ya ja zaren shawul ɗin da wata ta yi sati uku tana saƙawa don kyautar suna, ya warware kusan rabi. Uwar ta ce "ai yaro ne," ta ci gaba da hirarta. Mai shawul ta tattara kayanta ta fice ko sallama babu. A ranar kuma aka zaro dutse daga bakin autar. Yanzu wasu sun ce a hana zuwa da yara gaba ɗaya, masu goyo kuma sun ce in an yi haka an kore su ke nan. Ni aka ɗora wa shugabanci, ga shi Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna, duk abin da na faɗa sai a ce don ban san zafin ɗa ba. Ya zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Zariya:
A hana kawai. Awa biyu a mako mace ta samu ta huta, nan ma a biyo ta da kuka? Mai yara ta bar wa kaka ko maƙwabciya.

Wata mai goyo:
Haba Anti, ba kowa ke da kaka a kusa ba. Ni ɗana watansa huɗu, nono kaɗai yake sha, kuma ma'aikatan lafiya sun ce haka za a yi har wata shida. Wa zan bar wa? Annabi (SAW) da kansa yakan gajarta salla in ya ji kukan yaro don kada uwar ta shiga damuwa, ya kuma yi salla ɗauke da jikarsa Umama. Masallaci bai kore mu ba, sai wurin saƙa?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ni ba shawul ɗin ne ya tayar min da hankali ba, dutsen ne. Yaron da bai kai shekara uku ba komai ya gani sai baki ko hanci. Dutse ɗaya ya sauka ta hanyar numfashi, an shiga uku. In ya maƙale a hanci kada a sa tsinke ko ashana, tura shi ciki za a ƙara yi, asibiti za a nufa. Ga allura, ga almakashi a tabarma.

Hajiya, dattijuwar zauren nan:
'Yata, kun haɗa abu biyu wuri guda. Jariri a bayan uwarsa bai taɓa warware wa kowa zare ba. Mai tafiya shi ne aiki. Ku bar goyo ya shigo. Masu gudu kuwa a shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, a samu budurwa ɗaya cikin 'ya'yanku ta zauna da su, iyayensu su haɗa mata ɗan hasafi. Ranar duwatsu ku ware ta daban, sau ɗaya a wata, a ce ban da mai rarrafe da mai tafiya.

Amma kafin wannan, uwar yaran nan ta je har gida ta ba mai shawul haƙuri, ta riƙe mata ƙullin zare ko biyu. Yaro ne ya yi ɓarna, gaskiya ne, amma shirun uwar ne ya fitar da matar. Kuma kada ke ki karanta dokar a gaban jama'a, tunda an riga an sami abin gorin da za a yi miki. Ki sa mai 'ya'ya da yawa a cikinku ta kawo maganar.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, akwai mai 'ya'ya shida a cikinmu, kuma ita ce ta fi kowa son a hana. Zan kira ta yau bayan Magariba.